Bakwai Ke Jiran Huɗu

Ranar Litinin Horia ya nuna mini takardar ajiye aiki. Ya ninke ta, ya mayar aljihun rigarsa, ya ce Juma'a zai miƙa wa shugabarmu.

Shekara tara ke nan teburina na kallon nasa a ofishinmu na Timișoara, muna rubuta manhajar da ke tsara lokutan taragon cikin gari. Shi ya kafa ta tun kafin in zo, kuma Horia mutum ne mai rowar kalma. Yaren kwamfutar da muke rubutu da shi ya yarje wa mutum ya ƙirƙiri alamarsa, ya koya wa na'ura abin da za ta yi in ta gan ta, kamar yadda kowa ya san aikin alamar tarawa. Arba'in da ɗaya ya ƙirƙira. Kallo ɗaya yake yi wa shafi ya gane komai, mu kuwa sai mun yi gumi.

Sai idonsa ya fara tafiya. Kafin ƙanƙarar bana ta narke ya daina ganin allo, aka haɗa shi da muryar na'ura mai karanta masa.

"Saurara ki ji, Smaranda," ya ce, ya miƙo mini abin kunnensa.

Muryar tana ta zuba: ƙasa da, tarawa, tarawa, sama da, sanda, sama da. Ba kai ba gindi.

"Ni na haife su," in ji shi, "ga shi ban gane kukansu ba."

"Shekara tara nake cewa ka raɗa wa 'ya'yanka suna, ka ƙi."

"To ranar dariyarki ta zo."

"Wa ya ce dariya nake? Ba ni kwana huɗu, tsoho mai taurin kai."

Dabarar ba wuya. Kowace alama zan rubuta mata aiki mai suna da kalmomin mutane, in bi duk inda take in sauya, don murya ta samu abin karantawa. Sai dai shi kaɗai ya san cikin kowace. Na jawo kujerata kusa da tasa, ina kwatanta masa alama yana faɗa mini aikinta, muna cin burodi da zakuska, dagen gauta da tattasai cikin mai, da yayarsa ta aiko daga ƙauye, yana ɗiga man a tebur.

"Wannan mai kama da kifi fa?"

"Ba kifi ba ne. Haɗa zango biyu take yi."

"Haɗa zango. Kalma biyu, ranka ya daɗe. Su ka yi wa rowa shekara goma sha biyar?"

Ya yi dariya, karon farko tun kaka. Na sunkuyar da kai, duk da na san ba zai ga fuskata ba.

Da la'asar ɗin Alhamis saura ɗaya. Ya ce tarago biyu take karɓa, ta sa na farko ya jira na biyu a mahaɗa, minti biyu kacal. Na tambayi dalili.

"Rubuta kawai," ya ce.

Na sa mata suna jira.

Safiyar Juma'a ya sa abin kunne, ya buɗe babban fayil. Hannunsa na hagu na kan aljihun nan. Na zauna ina kallon hannun, shayina ya huce ban sani ba. Leɓɓansa suka fara motsi suna bin muryar, kamar mai bin waƙar da ya sani tun yana yaro. Can ya tsayar da ita.

"Smara, kin juya su. Kin sa tarago mai lamba huɗu yana jiran mai lamba bakwai."

Na duba. Haka ne kuwa. Gwajin na'ura bai kama ba, idona biyu ba su kama ba.

"A cikin layi dubu, ya aka yi ka ji wannan?"

"Bakwai ke jiran huɗu." Ya cire abin kunnen yana juya shi a hannu. "Shekarar da kika zo, kullum a jiƙe kike shigowa, kina zagin bakwai don ya tafi ya bar ki a mahaɗa."

Na tuna. Tun daga sanyin waccan shekarar, duk safiyar da na sauko daga huɗu sai in tarar da bakwai tsaye, ƙofa buɗe. Na ɗauka sa'a ce. Shekara tara ina gode wa sa'a.

"Na kai wa hukuma hujja cewa mutum ɗari biyu ke sauya tarago a wurin," ya ce. "Kuma gaskiya ne. Amma mutum ɗaya kawai na ƙirga."

Na gyara layin.

"Takardar fa?" na ce da ƙyar.

Ya zaro ta, ya laluba har ya taɓa hannuna, ya sa mini ita a tafin hannu. Bai yi saurin janye nasa ba.

"Goge man zakuskar nan da ita. Tun Laraba gwiwar hannuna ke mannewa." Ya mayar da abin kunne. "Kuma kar ki matsar da kujerar. Saura fayil sittin, ga ki da juya abu."