Muryar da Ta Fito daga Bakin Dela

Tun da Ukasha ya dawo daga wurin haƙar zinariya ya daina magana. Sai ya wuni a gindin darbejiya yana kallon tafin hannunsa, in an taɓa shi ya zabura. Yayarsa Khadijat, wadda ta dawo gidansu a Roni bayan rasuwar mijinta, ita ta ɗauki jinyarsa. Ita ke ba shi tuwo a baki, ita ke riƙe shi idan abin ya motsa. An je asibiti, an sha rubutu, shiru.

Kawunsu Mamuda ne ya kawo zancen Dela, wata tsohuwa 'yar bori a wani ƙauye bayan Gwiwa. Khadijat ce ma ta fi kowa matsawa a je.

Da hantsi suka isa. Dela ta tarbe su da fura, 'yar ƙaramar tsohuwa mai yawan fara'a. Aka zaunar da Ukasha a tabarma, aka kunna turare, mai garaya ya soma kiɗa, mata na buga ƙwarya. Can sai Dela ta fara hamma, idanunta suka juye. Ta yi tsalle ta faɗo zaune daɓas. Da ta buɗe baki, muryar wani ƙaton namiji ce ta fito.

"Hannun da ke ciyar da shi, shi ya ɗaure shi. Ku raba su."

Khadijat ta ga kawunta ya sunkuyar da kai, matan gidansu da suka rako su kuma suna ja da baya daga inda take.

Bayan Dela ta yi atishawa ta dawo hayyacinta, Khadijat ta bi ta ɗaki ta durƙusa.

"Inna, me na yi miki? Ƙanena ne, a bayana ya girma."

Tsohuwar na goge gumi, ta dube ta da mamaki.

"Me aka ce, 'yar nan?"

"Ke kika faɗa!"

"Ni ban san komai ba. In iskoki sun hau, ba na nan. Sai dai a ba ni labari."

Khadijat ta zuba mata ido tana neman alamar ƙarya, ba ta gani ba. Da ma ta gani, da ta sami wanda za ta tsana.

A ranar Kawu Mamuda ya wuce da Ukasha gidansa a Kazaure. Ya ce wa Khadijat, "Ba wai na yarda ba ne, amma a gwada."

Kafin a yi girbi Ukasha ya fara magana. Ko maganin Dela ne, ko sauyin wuri, ko lokacinsa ne ya yi, Allah ne masani. Mutanen unguwa dai sun gama yanke hukunci. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar garwashi wurin Khadijat, in ta aika da abinci a dawo da kwanon ba a buɗe ba.

Wata rana ta hango Ukasha a kasuwar Kazaure, ya yi ƙiba, yana ciniki da mai albasa har yana dariya. Ta kira sunansa. Ya juyo, ya gan ta, leɓɓansa suka fara motsi da addu'ar neman tsari. Ya bar albasar ya shige cikin mutane.