Ranar da Aka Share Garejin Akawu

"Tsaya," in ji Akawu. "Tela, na ce ka tsaya."

Na riƙe keken guragun cak a bakin ƙofar garejin. Da ƙyar na gane abin da ya ce, don tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa a karkace take fita. Ranar aka sallamo shi daga asibiti, ni da matarsa, Maman Injiniya, muka ɗauko shi. Ƙofar gidansu ta gaba tana da matakala, keke ba zai hau ba, shi ya sa muka zagayo ta gareji, inda ƙasa take a miƙe har cikin falo.

Garejin tas, kamar an lashe. Duk zaman maƙwabtakar da muka yi ban taɓa ganin launin simintinsa ba sai ranar. Tsohuwar motar tana nan kan bulo, ba taya, bakinta a wangale. Manyan sassan injin an jingine su da bango. Kwalayen da suka saba rufe ƙasa tun daga ƙofa har ƙurya kuwa, ko ɗaya babu. A lungu ga bokitai biyu, cike da notuka da kusoshi da ƙananan ƙarafa, sai ƙyalli suke.

"Ina kayan?" ya ce.

"Ga su can, Malam," in ji Maman Injiniya, har da ɗan murmushinta. "Ko ɗaya bai ɓata ba. Da kananzir na wanke su, na shanya, na tattara. Ai da suna ƙasa, ta ina keken zai bi?"

Na san Akawu, mutum ne da in ka taka gefen kwalinsa kaɗai sai 'yan layi sun ji muryarsa. Na jira ya fashe. Ya daɗe yana kallon bokitan nan, gefen bakinsa mai rai yana rawa.

"Sannu da aiki," ya ce mata. "Tura mu shiga, Tela."

Bari in faɗa muku abin da aka share, don wanda bai san shi ba zai ce ai ƙarafa ne kawai. Akawu ba bakanike ba ne. Ma'aikacin ofis ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan tebur, shi ya sa sunan ya bi shi har ritaya. Motar kuwa saye ya yi a matsayin gawa, tun tilon ɗansa yana makaranta, wai su tada ta tare. Kowace Asabar suna ciki, uba da ɗa, baƙin mai har gwiwar hannu. A nan yaron ya samo sunan Injiniya. Bangon shagona ɗaya ne da na garejin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sun sha zagi a zuciyata. Kana tsaka da yanka yadi mai tsada sai ka ji guduma, ƙwam! Nakan leƙa in ce, "Akawu, wai mota kake gyarawa ko aljanu kake kora?" Shi kuma ya ce, "Koma ka ɗinke aljihun mutane a juye yadda ka saba."

Yana da hanyar aikinsa da ba ya yarda a taɓa. Duk abin da ya kwance daga injin, komai ƙanƙantarsa, zai ajiye shi a kan kwali, a hannun daman wanda ya riga shi fita. Layi ya cika, ya fara wani. In an tashi mayarwa, sai a faro daga na ƙarshe a dawo baya. Bai taɓa rubuta komai ba. Ya ce ya gaji da takarda a ofis, ƙasa ta ishe shi. Kuma injin nan ba kamar na kowa ba ne, gwamutse ne na motoci iri-iri da ya tsinto a kasuwar tsofaffin ƙarafa, wasu notukan ma da hannunsa ya goge su har suka shiga. Kowane ɗaya da gurbinsa, kuma in ban da jerin nan na ƙasa ba abin da ya san gurbin.

Injiniya ya girma, ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ya tafi. Da farko yana zuwa, daga baya sai waya, daga baya wayar ma sai an neme shi. Wata rana ina zaune a garejin, uban ya kira shi, ya buɗe muryar wayar don in ji. Ya ce, "Yaushe za ka zo?" Yaron ya yi dariya, ana jin hayaniyar mutane a bayansa, ya ce, "Baba, ranar da ka tada motar nan da hannunka, zan zo mu zaga gari a cikinta."

Ni da jin dariyar na san wasa yake, irin na wanda ke neman ya ajiye waya. Akawu kuwa ya ɗauke ta alkawari. Tun daga ranar ya zama kamar an aiko shi. Ya kwance injin kaf, ya jera, ya shiga neman wani ƙarfen cikin injin, wai fistin, guda ɗaya da ya gagara samuwa. Ya daɗe yana nema. Ranar da ya samo, har shago ya kawo min, naɗe a tsumma kamar jinjiri. "Gobe zan fara mayarwa," ya ce. Washegari a banɗaki aka tsince shi a ƙasa.

To, wannan jerin ne Maman Injiniya ta kwashe a bokiti, don keken mijinta ya sami hanya. Garin neman gira aka rasa ido, amma wa zai ce ta yi laifi?

Kwana kaɗan bayan dawowarsa ya sa na tura shi garejin. Ya ce in rufe ƙofar falo.

"Kada ka faɗa mata," ya ce.

"Me zan faɗa mata?"

"Ka sani. Bakinka ba ya riƙe magana, Tela. Wannan karon ka riƙe."

Ya sa na shimfiɗa masa kwali a kan wani ɗan tebur, na ɗora bokiti ɗaya a kan kujera kusa da hannunsa na hagu, na ajiye masa kwanon silba. Haka ya fara. Zai ɗauko noti, ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya rufe idon yana neman inda ya fito. In ya tuna, ya ajiye a kwali. In bai tuna ba, ya jefa a kwano. Daga shagona ina jin ƙarar, ƙwal, sai shiru, can kuma ƙwal. Wallahi har gudumar na roƙa ta dawo. Ciwon bai tsaya a hannu da ƙafa ba, ya taɓa kan ma. Wanda ya ajiye jiya da tabbaci, yau sai ya ɗauke yana hararar sa. Kwanon yana cika, kwalin kusan wayam.

Na kasa haƙuri, na kirawo wani bakanike da nake wa ɗinki. Ya leƙa motar, ya zuba hannu a bokiti ya motsa, ya sosa ƙeya.

"Baba, gaskiya wannan sai dai a nemo wani injin a ɗora. Kwana biyu na tada maka ita."

"Da hannuna aka ce," in ji Akawu.

"To ai hannun ne, Baba..."

Na taka masa ƙafa ya yi shiru. Da muka fito ya ce min ko shi da kansa in ya ce zai haɗa wannan gwamutsen, canki-canka zai yi, kuma noti ɗaya ya zauna inda ba nasa ba injin ya tashi aiki. Na ce ya tafi, na gode.

Ba a fi sati biyu ba Maman Injiniya ta zo shagona da sunan kawo gyaran zani. Ta tsaya a bakin ƙofa, zanin a hannu, ba ta miƙo ba.

"Tela, don Allah ka faɗa min gaskiya. Ɓarna na yi, ko?"

"Wace irin ɓarna kuma? Ai kin kyauta. Da ina za mu bi da shi?"

"Kar ka mai da ni yarinya. Tun ina da ƙuruciya nake zaune da mutumin nan. In na ɓata masa rai faɗa yake yi, ya gama, ya nemi abinci. Wannan karon sannu ya ce min." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kullum sai ya ce min sannu."

Na karɓi zanin na duba, babu inda ya yage.

Na kira Injiniya da kaina a ranar. Sai da na yi ta kira kafin ya ɗauka. Na ce masa jikin tsohon nan ba daɗi, ya zo. Ya ce, "Kawu, wallahi ina sane, aiki ne ya sha kaina. Amma ai likita ya ce yana samun sauƙi. Bari mu ga ƙarshen shekara." Na ce ƙarshen shekara da nisa. Ya ce zai duba. Na san wannan "zan duba" ɗin, ni ma ita nake faɗa wa masu kayan da ban ko yanka ba.

Akawu ya ci gaba da ramewa. Abinci sai an yi da gaske. Wata rana da hantsi na same shi ya juye kwanon cikin bokiti, ya share ɗan abin da ke kan kwalin ma ya zuba, zai sake daga farko.

"Haba Akawu," na ce, "ka huta mana. Kira yaron nan kawai ka ce ya zo. Ɗanka ne fa, ba sai da mota ba."

Ya ɗago ya kalle ni da idon nan nasa da ya faɗa. "Na kira ba mota, ya zo?"

Na kau da kai.

"Ka gani," ya ce. "Miƙo min wancan."

Ranar da ya rasu Talata ce, rana tsaka. Ina kan keken ɗinki, ina jin ƙwal ɗin nan ta bango kamar kullum, har na daina lura da ita. Sai da na tsaya sauya zare na ji shirun ya yi yawa. Na jira. Na buga bangon da almakashi na ce, "Akawu, barci ka yi a bakin aiki?" Ba amsa. Na zagaya da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Yana zaune a kekensa, kai a sunkuye, hannun hagu a kan cinya, yatsunsa a dunƙule kan wani ɗan noti. Daga kicin ina jin Maman Injiniya tana kwankwasa cokali a bakin tukunya, tana cewa ya ɗan ƙara haƙuri, abinci ya kusa nuna. Na daɗe a tsaye kafin na nufi wurinta.

Injiniya ya iso bayan an binne uban. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefen kai, ya yi kuka sosai, ba zan hana shi wannan ba. Da mutane suka ragu na ja shi garejin. Ya shafa jikin motar yana murmushi cikin hawaye.

"Ikon Allah, har yanzu tana nan? Me Baba yake yi da wannan gawar?"

"Tada ta yake so ya yi," na ce. "Saboda kai. Ka ce ranar da ya tada ta da hannunsa za ka zo ku zaga gari."

Ya juyo yana kallona, goshinsa a tattare. Ba musu yake ba, nema yake a kansa da gaske.

"Ni na faɗi haka, Kawu? Yaushe?"

Raina ya ɓaci. Na so in ɗauki bokitin nan in juye masa a ka. Amma na duba fuskarsa, na ga bai sani ba, ko kaɗan bai tuna ba, sai fushin ya rasa inda zai sauka. Na ce ba komai, tsohuwar magana ce. Ya ce kafin ya koma zai nemo masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe, a sami fili. Uwar tana bakin ƙofar falo, ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta ce, "Ba yanzu ba." Bai ja ba. Satin bai ƙare ba ya koma.

Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki, da la'asar, na ji motsi ta bango. Ba ƙwal ba, wani ɗan ƙaramin sauti kamar ana ajiye abu a hankali. Na zagaya. Ƙofar garejin a buɗe rabi. Maman Injiniya tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta shimfiɗa sababbin kwalaye tun daga ƙofa. Tana ɗauko notukan ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, ƙanana a farko, manya na biye, kowane layi a miƙe sambal.

Ta ɗago ta gan ni.

"Haka yake jera su, ko Tela?"

Na kalli layukan, na kalli motar da bakinta ke buɗe.

"Haka ne," na ce.

Na cire takalmi na zauna a gefen bokitin, ina ɗebowa ina miƙa mata. Rana ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan kwalin farko. Bokiti na biyu yana lungu, ba mu ko taɓa shi ba.