Ranar da Dudu Ta Ce Ta Ji

A shekara ta takwas da samun 'yancin kai aka datse Kwara a Kainji. Ruwan da ya saba wucewa kudu ya rasa hanya, sai ya juyo yana hawa ƙasa sannu a hankali, kamar baƙon da ke neman wurin zama. A Gungun Faru, wani ɗan tsibiri a ƙasar Ngaski, kowace safiya mutane kan tashi su tarar ruwa ya ci taki biyu ko uku na gonakin albasa. Itatuwan bakin gaɓa suka tsaya cikin ruwa har gindi, balbelu na sauka a kansu, kifi na yawo a inda awaki suka yi kiwo bara. An riga an gina wa mutanen tsibirin sababbin gidaje na siminti a tudu, kusa da Wara, kwana goma kawai suka rage a kwashe su.

Illo masunci ne, ya haura sittin. Matarsa Dudu Bafulatana ce, wadda ya auro daga wata ruga ta bayan Shanga shekara talatin da suka wuce. Shekara goma sha biyu ke nan tana fama da wani ciwo wanda ba wanda ya san sunansa. Ya fara ne da jan tabo a gwiwar hannu da ƙeya, tabon ya yi farin ɓawo mai zuba kamar ɓawon kifi. Daga baya farcenta suka yi ƙananan ramuka, yatsunta suka kumbura ɗaya bayan ɗaya, har da safe ba ta iya riƙe ludayi.

Illo ne ya gano yashi. Akwai wani tudun yashi a gabashin tsibirin wanda rana ke gasawa tun hantsi. Kullum yakan ɗauke ta a jirgi ya kai ta can, ya haƙa ɗan rami, ya binne hannuwanta har wuyan hannu, ta zauna rana na bugun gwiwoyinta. In yashin ya huce sai ya tono yatsun, ya shafa musu man kaɗe, ya lanƙwasa kowane ya miƙar. Dudu ba ta taɓa cewa da zafi ba. Ta dai raɗa wa yatsunta sunayen shanun mahaifinta, in ya tambaye ta yaya jiki sai ta ce, "Wule ta tashi da gardama yau," ko kuwa, "Saye ba ta son tafiya." Shi kuma ya ce, "To, bari makiyayi ya lallashe ta." Da haka suka rayu, ciwon na lafawa da rani, yana tashi da sanyi.

Muddin suna tsibiri, gidansu na can gefe, ba wanda ya damu. Amma sababbin gidajen a jere suke, bango na kallon bango, rijiya kuma ɗaya ce. Sai magana ta fara yawo cewa abin da ke jikin Dudu kuturta ce. Aka kai zancen ga masu rubuta sunayen waɗanda za a kwashe, su kuma suka aiko malamin asibiti daga Yelwa. Illo ya san abin da hakan ke nufi. In aka ce kuturta ce, jirgin da zai kai shi Wara ba zai ɗauki Dudu ba, za a wuce da ita zangon kutare, can nesa da ruwa.

Malam Cindo ya iso da hantsi, mutum ne siriri mai farar riga da akwatin ƙarfe. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin farun da tsibirin ya ci sunansa, rabin gari ya taru yana kallo daga nesa kaɗan.

"Inna, sannu da jiki," in ji shi. "Zan rufe miki ido, in taɓa ki. In kin ji, ki ce kin ji."

Dudu ta sunkuyar da kai. Ya ɗaure mata ido da kallabinta, ya ɗauki auduga ya shafa a kan tabon gwiwar hannu. Ba ta ce kome ba. Ya shafa a ƙeya, nan ma shiru. Ya ciro allura ya ɗan soka a tsakiyar tabon, ya ƙara sokawa har ɗigon jini ya fito. Dudu tana zaune kamar an sassaƙa ta, ko numfashinta bai sauya ba.

Illo yana tsugune a gefen ƙafafunta. Ya ga babban yatsan ƙafarta ya naɗe, ya kama bakin tabarma, sa'an nan ya saki. Ya san wannan yatsa. Haka ya yi ranar da ta haifi 'yarsu ta fari ba tare da maƙwabta sun ji ko tari ba.

Malam Cindo ya share allurar, ya buɗe littafi. "Baba, ka yi haƙuri. Ɓawon nan bai yi mini kama da na kuturta ba, amma fatar da ba ta jin allura ba ni da wani suna da zan ba ta."

"Ta ji, Malam."

"Ba ta ce ba."

"Ba za ta ce ba. Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Yelwa, bayan kasuwar kifi."

"Shi ya sa. Ka taɓa ganin shaɗi?"

Malam Cindo ya ɗan yi murmushi. "Na gani. Amma ni ba bulala na zo da ita ba, Baba."

"Ita ba ta san haka ba. Ka tara mata gari, ka rufe mata ido, ka sa mata ƙarfe a jiki. Ka ba ni zuwa azahar."

Malamin ya dubi jirginsa, ya dubi rana, ya rufe littafin bai rubuta kome ba. "Zuwa azahar," in ji shi. "Akwai wani tsibirin da ke jirana."

Illo ya sa Dudu a jirgi, ya tura da gora. Ruwan ya kwanta lumui, ba igiya ko ɗaya, gajimare na ciki kamar yadda suke a sama, har mutum ya rasa ko jirgin a kan ruwa yake tafiya ko a cikin sararin Allah. Suka bi ta kan gonar albasarsu, Illo ya leƙa ya ga kunyoyin a ƙasa, a jere yadda ya bar su, 'yan kifi na bi tsakaninsu. Tudun yashin da dā yakan ɗauki jirage ashirin, yanzu bai fi faɗin tabarma huɗu ba.

Ya haƙa rami, ya binne hannuwanta. Wata shirwa na kewaya a samansu.

"Na kunyata ka?" in ji Dudu.

"Ko kaɗan. Kin yi abin da Innarki ta koya miki."

"Ko gezau ban yi ba. Duk suna kallo."

"Na gani. To, saboda haka ne za su raba mu."

Ta ɗago kai ta dube shi. Ya yi mata bayani a hankali, yadda aka yi masa: kuturu ba ya jin allura a tabonsa, malamin kuwa ba ƙarfin halinta yake aunawa ba, so yake ya san ko fatar na da rai. Shirun da ta yi, a wurinsa, shaida ce cewa fatar ta mutu.

Dudu ta daɗe tana kallon ruwa. "Wane irin mutum ne wannan, da zai so mace ta ce wayyo a gabansa?"

"Ɗan birni ne. Su haka suke gane ciwo."

"Ranar da za a kawo ni gidanka, Inna ta zaunar da ni bayan garke. Ta ce za ki shiga cikin mutanen ruwa, ba ki da saniya a can, ba ki da dangi. Abin da kike da shi kawai, kada su taɓa jin kukanki. Shekara talatin ina riƙe da shi, maigida. Shi kaɗai na zo da shi wanda bai ƙare ba."

Illo ya matso kusa da ita. Ya tono hannunta na dama, ya kakkaɓe yashin, ya fara shafa man kaɗe.

"Ni dai ban iya dama fura ba," in ji shi daga baya. "Kuma gidan da suka ba mu ɗaki biyu ne. Ban san abin da zan yi da ɗayan ba. Ko in sa taru a ciki, in riƙa yi masa hira."

"Tarun ma gudu zai yi, da surutunka."

"To kin gani."

Ta yi ɗan murmushi, suka koma.

Da azahar Illo ya roƙi mutane su janye, suka janye ba da son ransu ba, suka tsaya a bayan danga. Malam Cindo ya sake ɗaure mata ido. Wannan karon bai ɗauki allura ba, auduga ya murza ta yi siririya kamar gashin tsuntsu, ya ɗora a kan tabon gwiwar hannu. Iska ta motsa ganyen faru. Illo ya zuba wa yatsan ƙafarta ido.

"Na ji," in ji Dudu, da murya ƙasa ƙasa.

"A ina, Inna?"

Ta kai yatsa daidai wurin. Ya taɓa ƙeya, ta nuna. Ya ɗaga audugar sama bai taɓa ta ba, ya ce, "Yanzu fa?"

"Yanzu wasa kake yi da ni, ɗan nan."

Malam Cindo ya yi dariya, ya kwance kallabin. Ya kama yatsunta yana latsa gaɓoɓin ɗaya ɗaya, yana tambaya, ita kuma tana amsawa. Ta ce da asuba ji take kamar an zuba mata garwashi a cikin ƙashi. Ta ce dunduniyarta kan soke ta a takin farko. Ta ce a lokacin sanyi akwai ranakun da ɗaura zane kan sa ta zufa. Illo yana ji, kansa a ƙasa. Shekara goma sha biyu yana riƙe da waɗannan hannuwa kowace safiya, bai san rabin wannan ba.

"Ba kuturta ba ce," in ji Malam Cindo, ya ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji. "Ciwon fata ne da ke haɗawa da gaɓoɓi. Ba a ɗaukarsa a ƙwarya, ba a ɗaukarsa a rijiya." Ya juya ga Illo. "Ba ya warkewa ɗungum, Baba, lallaɓa shi ake yi. Ga ƙwayoyi, ta sha bayan ta ci abinci. Ga man shafawa, warin kwalta gare shi, ku yi haƙuri da shi. Rana da man kaɗe da motsa yatsu, duk ku ci gaba. In ya tashi ku zo Yelwa. Wa ya koya maka yashin?"

"Kada ne ya koya mini," in ji Illo. "Na ga yadda yake kwanciya a kai."

Ranar ƙaura, jiragen gari suka cika da tukwane da kaji da turame. Illo ya bar turminsa don a sami wuri a jirgi, ya ratse ta tudun yashi, wanda ya rage kamar faifai a tsakiyar ruwa. Ya cika buhu uku, ya jera su a cikin jirgi, Dudu ta zauna a kan ɗaya. Suka nufi tudun Wara, tsibirin na raguwa a bayansu har farun kaɗai ake gani.

Washegari da hantsi ya baza yashin a bayan sabon ɗaki, inda rana ke sauka. Da ya yi ɗumi ya binne hannuwanta, daga baya ya tono, ya kama yatsan da take kira Wule ya fara lanƙwasawa.

"A hankali, maigida," in ji Dudu. "Da zafi."

Illo ya sassauta hannu. "Nan?"

"Ƙasa kaɗan. Nan."

Ya ci gaba da murzawa a inda ta nuna.