Ragowar Kwalba

Nas ɗin ta ɗaga kwalbar rigakafin annoba saitin taga, ta ƙanƙance ido. Saura na mutum ɗaya, layi kuwa ya ƙare. Kwalbar da aka buɗe awa shida take yi, wannan saura mata minti arba'in a zubar.

Ƙa'idar asibitin a sarari take: a kira na gaba a jerin sunaye har sau uku, in bai ɗauka ba a ba duk wanda aka samu. Na gaba wani tsoho ne mai gyaran agogo. Sunan mahaifiyarta yana can shafi na huɗu, ga ta da ciwon suga. Wata biyar ke nan nas ɗin ba ta taka ɗakinta ba don gudun kai mata cutar. Ta taga suke gaisawa.

"Kira Mama kawai," in ji mai rajista yana tattara takardu. "Wa zai ƙirga miki kira? Kowa ya samu rana sai ya yi shanya."

Ta kira tsohon, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake, shiru. A na uku ta kama kanta tana addu'ar kada ya ɗauka, kunya ta rufe ta.

Ya ɗauka.

Ya iso saura minti bakwai, yana haki, maɓallan rigarsa a karkace. Ta naɗe masa hannun riga, ta goge damtsen, ta soka allurar, ta danne wurin da auduga.

"'Yata," ya ce, "tun da matata ta rasu farkon annobar nan, yau ne hannun mutum ya taɓa ni."

Audugar dai ta daɗe a wurin fiye da yadda aiki ya buƙata.

Da yamma ta tsaya bakin tagar da ta saba tsayawa. Mama ta jawo kujera daga ciki, ta ƙara rama.

"Yau ma ba a samu ragowa ba?"

"An samu ɗaya, Mama. Akwai wanda ke gabanki."

Mama ta jinjina kai. "To, mai rabo ya samu. Matso in gan ki da kyau."

Ta matso taki ɗaya, iyakar inda aka yarda, ta tura hannuwanta cikin aljihu.