Ranar da Yaya Ta Hana Ni Shara

Shekara goma sha huɗu ina gyaran kwamfuta, kuma ban taɓa ganin manhajar kyauta na wuce ta ba. Mai korar bairas, mai auna zafin inji, mai duba lafiyar faifan ajiya, duk wadda na ci karo da ita a intanet sai na sauke. Na tara ɗari uku da 'yan kai a filashi guda, cikin folda ɗaya mai suna "Kayan aiki". A cikinta akwai "Kayan aiki sabo", a cikin wannan kuma akwai "Sabo na gaske". Ni dai na san hanyata a ciki, ko in ce haka nake gaya wa kaina.

Yayata kuwa shekara talatin ta yi a ɗakin ba da magani na asibiti. Da ta yi ritaya zaman gida ya gundure ta, sai ta mayar da shagona wurin hira. Kullum da hantsi za ta zo, ta kame a kujerar kwastomomi, ta sa min ido ta saman tabarau. Mutanen unguwa Injiniya suke ce min. Ita kuwa har gobe Auta take kirana, a gaban kowa, da furfurata da komai.

Wata Talata wata malamar makaranta ta shigo rungume da kwamfutarta ta hannu, idanunta jajir.

"Injiniya, na yi wa kaina ɓarna," in ji ta. "Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata. A shekarar da ta yi tana jinya, nakan ɗauki muryarta a waya muna hira, in juye a nan. Wayar tuni ta faɗa ruwa. Jiya ina rage tarkace na goge foldar ban sani ba, har kwandon sharar kwamfutar na zubar. Guda arba'in da ɗaya ne. Ba ni da su a ko'ina."

Muka yi mata gaisuwa. Na gyara murya na yi mata bayanin da na saba yi: idan an goge abu a kwamfuta ba ya tafiya nan take. Sunansa kawai ake cirewa daga jeri, a ce wurin ba kowa. Yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Na ce ta kwantar da hankalinta ta dawo da yamma.

To ni ina da wata al'ada. Duk injin da ya shigo shagona, ko me ya kawo shi, sai na fara yi masa shara da wata manhaja da nake ji da ita. Malama tana fita na kunna kwamfutar, na soka filashina, hannuna ya tafi inda ya saba zuwa.

"Auta, wane magani za ka ba ta?" in ji Yaya daga bayana.

"Shara ce kawai, Yaya."

"Me take sharewa?"

"Tarkace mana. Sannan ta bi duk guraben da ba kowa ta wanke su tas, ta..."

Yaya ta katse ni.

"Ba yanzu ka gama gaya wa baiwar Allah nan cewa tsohuwarta tana kwance a inda aka ce ba kowa ba?"

Na janye hannuna a hankali. Dannawa ɗaya ta rage. Matar da iyakar saninta da kwamfuta shi ne aika gaisuwar safe a waya, ita ce ta kama ni.

"Kashe ta," in ji Yaya. "Nuna min inda kake ajiye magungunan naka."

Na buɗe mata filashin a kwamfutar shago. Ta bi su da kallo daga sama har ƙasa.

"Da a ɗakinmu na asibiti aka samu kantar magani haka," daga ƙarshe ta ce, "da an kori mutum kafin azahar. Maganin ciwon kai da gubar ɓera a kwali ɗaya! Kira Malama ka ce sai jibi. Ba za ka taɓa injin nan ba sai mun san abin da ke cikin kowace kwalba."

Na yi ƙorafi, na ce alkawari na yi. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, ta juya bayanta, ta karɓe birona.

Na ce to mu jera su bi da bi, daga A zuwa ƙarshe. Ta ce sunan da ban iya tunawa ba ne zai kai ni wurin magani? Na ce to mu raba su da sassan inji: na faifai, na ƙwaƙwalwa, na intanet.

"Wa ya taɓa shigo maka ya ce ƙwaƙwalwar injinsa ce? Me mutane suke cewa in sun zo?"

Na fara lissafo mata. Ta ƙi tashi. Tana jan ƙafa. Tana zafi. Wani abu ya shige ta. Na manta lambar sirri. Na goge abu. Tana rubutawa da wannan rubutun nata mai tsaye kamar soja. Waɗannan koke-koken su suka zama sunayen foldodin, yadda mai kuka ya faɗe su.

Daga nan aka shiga shari'a. Kowace manhaja sai na amsa tambaya uku a kanta. Wane ciwo take yi wa magani? Dubawa kawai take yi, ko tana taɓawa? In ta taɓa, ana iya komawa baya? Masu dubawa kawai suka hau sama a kowace folda, masu taɓawa suka biyo su. Masu aikin da ba a dawowa daga gare shi kuwa, ta ce ba za su kwana ɗaki ɗaya da sauran ba. Ta sa na samo wani filashi dabam, ta naɗa masa jan salatif.

Na sha kunya ranar. Wata manhaja sau goma sha ɗaya na sauke ta, kowanne da sunan da na ga dama. Wasu sun tsufa, ba su ma tashi a injinan yanzu. Ta ce wa'adinsu ya wuce, a zubar. Duk wadda na fara in-ina a kanta sai ta ce, "Sa ta a Ban Sani Ba." Kafin la'asar Ban Sani Ba ta fi kowace folda ƙiba, guda sittin da uku.

Da muka iso kan mai sharata, na roƙa mata arziki.

"Yaya, wannan kam ba ta taɓa cutar kowa ba."

"Wanda ka sani," ta ce, ta tura ta jan filashi.

Fuskoki suka riƙa zuwa min, na mutanen da suka taɓa kawo min irin wannan kukan a shekarun baya, na yi shara, na nema, na ce musu ba a dace ba, sai haƙuri. Har godiya suka yi min. Wannan abin ya ci min rai, kuma har yau yana ci.

Washegari ta zo tun kafin in gama buɗe ƙofa. Ta ce yau ranar Ban Sani Ba ce: in karanta bayanin kowace ɗaya, in fassara mata. A ta ashirin da wani abu na tsaya. Manhaja ce da ke kwafe faifai gaba ɗayansa, har da guraben da aka ce ba kowa, ba tare da ta taɓa ko ɗigo a kan na asali ba. Shekara shida tana cikin filashina, ban taɓa buɗe ta ba.

"Wani bawan Allah ya zauna ya haɗa wannan, ya bai wa duniya kyauta," in ji Yaya, "kai ko sannu ba ka ce mata ba." Ta ja layi a can saman kalandar, sama da duk koke-koken, ta rubuta sabon gida: Kafin Komai.

Na tsaya ina kallon takardar nan. Abin da na kasa gani a shekara goma sha huɗu, ta shimfiɗa shi a bayan kalanda cikin yini biyu, kuma duk wanda ya iya karatu zai iya bi. Ban taɓa gaya wa Yaya ta burge ni ba, don kada kanta ya ƙara girma. Ranar na faɗa. Ta ce in daina surutu in yi aiki.

Na kwance kwamfutar Malama, na ciro faifan, na kwafe shi kaf, na ajiye na asalin a aljihun tebur. A kan kwafin na yi aiki. Na buɗe "Na goge abu", na fara daga sama. Ta farko ba ta ga komai ba. Ta biyu ta daɗe tana lalube, sannan ta fara fito da fayiloli marasa suna, sai lambobi. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa biyu-biyu, don ba hirata ba ce. Ashirin da tara suna magana. Sauran sha biyun injin ya riga ya rubuta wani abu a kansu.

Ranar Alhamis Malama ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na gaya mata gaskiya, abin da aka samu da abin da ya tafi. Ta gyaɗa kai kawai. Yaya ta tashi ta ba ta kujerarta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"A kunna miki, 'yata?"

Ta sake gyaɗa kai. Na danna ɗaya, ban zaɓa ba.

Ƙarar fanka ce ta fara fitowa daga lasifika, sai cokali yana bugun kofi, sai tari. Sannan muryar tsohuwa, siririya, da ɗan faɗa a cikinta:

"Ke, wai har yanzu ɗaukar kike yi? Ajiye wayar nan ki matso kusa da ni."

Malama ta kama kujerar da hannu biyu, ta jawo ta har gwiwarta ta taɓa teburin.

"Na matso, Inna," ta ce.