Katangar Tela Ta Yi Tsawo

"Sake aunawa dai, ranki ya daɗe," in ji Tela, yana share zufa da hularsa.

Jami'ar ofishin tsara gari ta sake jan tef daga ƙasa har kan sabuwar katangar. "Baba, ko sau goma na auna haka ne. Takardar izininka ta ce katangar gaban gida ƙafa huɗu. Wannan ta zarce da bulo guda cur."

Wata uku ya yi yana safa da marwa a ofishinsu kafin takardar nan ta fito. Yau a ce kawo taswirar fili, gobe a ce mai sa hannu ya tafi taro. Duk kuwa saboda akuyar maƙwabci, wadda ta mai da tumatirin matarsa kamar gadon ubanta.

"Magini ne ya yi kuskure?" in ji jami'ar.

Tela ya sosa ƙeya. Ina fa! Shi ya tsaya kai da fata sai an ƙara. Shekara arba'in yana ɗinki bai taɓa yanka yadi daidai awo ba, dole a bar ɗan ƙari, wa ya san gobe?

Matarsa ta leƙo. "Sai da na gaya masa, 'yata, katanga ba ta tsukewa in ta sha ruwa. Kunnen ƙashi!"

Jami'ar ta danne dariya. "Kwana bakwai. In na dawo tana haka, sai rusau, izinin ma ya mutu."

Tela ya dubi katangar. An riga an ɗaure saman da kankare, in aka fasa rabinta zai bi. Can ya ce, "Daga ina kike fara awo?"

"Daga ƙasa mana."

To, wando in ya yi wa mutum tsawo, ai ba sai an yanke ba, takalmi mai tudu ake sa masa. Kwana uku Tela yana turo ƙasa a baro, ya jibge ta a gindin katangar ta waje, ya daddanne, har da dasa furanni.

Ran na bakwai jami'ar ta auna: ƙafa huɗu cif. Ta dubi tudun, ta dube shi, ta buga hatimi. "Baba, Allah ya shirye ka."

Daɗi ya cika shi. Bai gama ninke takardar ba akuyar ta iso, ta haye tudun a natse, ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan katanga, tana leƙen tumatir.

"Malam," in ji matarsa daga ciki, "ita kuma wannan daga wane ofishi aka turo ta?"