Mamadu Ya Kira Sojojin Ticha

"Ɗiba!" in ji Baba Mamadu. Ya dangwara hannu a kan teburin likita, riga a naɗe har kafaɗa. "Cika kwalba biyu, Dokta. Uku ma. Ki zuba wa Ticha."

Dokta Afriyie ta ajiye biro. A gefe, Ticha Thomas, maƙwabcin Mamadu na shekara ashirin a unguwar Choggu, yana zaune a keken marasa lafiya, fatarsa ta daddare tun daga wuya har ƙafa. Matarsa Aba ta riƙe masa hannu don kada ya yi susa.

Mamadu ya san ciwon nan, wa zai gaya masa? Shekara tara ke nan da ciwon dajin fata ya kama shi a cinya da baya. Ya shafa magani, an haska shi da fitilar asibiti, ciwon ya kwanta bai ƙara motsi ba. Makiyayi ɗan saba'in da shida, ko ƙofar aji bai sani ba, amma ya kayar da abin da ke kayar da masu digiri! Daga unguwar Sakasaka har Jisonayili ba mai sayen nonon gidansa da bai ji labarin ba, wasu sau biyar. Kuma ya riƙe abin da aka faɗa masa a lokacin, cewa a jinin kowa akwai ƙwayoyi masu kisa, aikinsu farautar ƙwayar da ta lalace. Shi sojoji yake ce musu.

"Ki saurara, 'yata," ya ce. "Idan garke ya sangarce, saniya ɗaya mai jin kira ake sawa a ciki, saura su bi ta. Nawa sojojin sun san yaƙin nan. Sun ci shi!"

"Baba, in na zuba naka, ba za su zauna ba, jikinsa zai kore su," ta ce. "Kuma nasa suna nan. Mun duba fatarsa, suna da yawa paa, birjik. Amma ciwon yana aika musu saƙo su kwanta. Jiki yana kira, ba sa ji."

Mamadu ya miƙe zumbur. "Suna nan? Ba su mutu ba?"

"Suna nan."

"Kira ne kawai ba sa ji? Ticha, tashi mu tafi gida!"

Da la'asar aka kwantar da Thomas a baranda. Mamadu ya durƙusa, ya ɗaga hannun Ticha a hankali, ya kai baki daidai jijiya, ya saki kiran da ya gada wurin ubansa, dogo mai karkarwa, irin wanda ke juyo da shanu daga hayin rafi. Mata suka fito da ludayi a hannu. Wani mai keken haya, yalo-yalo, ya taka birki. Sai ga ƙarar ƙafafu daga fili: shanun Mamadu goma sha ɗaya a guje, suka ture shinge, suka auka wa ayabar Aba.

"Ewurade, ya Ubangiji! Ayabata!" Aba ta bi su da faifai.

Thomas ya yi dariya har da hawaye, leɓensa ya tsage. "Alhaji, naka ya ji. Nawa soja Fante ne, ba ya jin Fillanci koraa, ko kaɗan."

"To da yarenku yaya ake cewa zo?"

"Bra."

"Shi ke nan? Kalma ɗaya? Ai ko jaki ya iya!"

Kwana tara Mamadu yana zuwa bayan ya ɗaure shanu nesa, ya durƙusa yana ce wa hannun, "Bra! Bra!" Ran na shida Ticha ya yi barcin rana bai yi susa ba. Kafin magariba duk layin ya ji cewa sojoji sun amsa, kuma Mamadu ne ya tashe su, mutumin da bai san bihim ba.

Ran na goma ya shigo da hantsi yana gyaran murya tun daga ƙofa. Aba tana zaune a dokin baranda, ruwan wanka yana huci a bokiti.

"Baba," ta ce, "ya tafi. Ya cika ina cikin dafa ruwa."

 Mamadu ya shiga ɗaki ya ja wa Ticha zane har ƙirji, ya fito.

Aba ta ɗauki tsintsiya. Ƙarƙashin gadon baranda ɓawon fatar mijinta ya taru fari-fari kamar dusa. Ta sunkuya, hannunta ya ƙi.

"Kawo, Madam," in ji Mamadu.

Tun da aka haife shi bai taɓa shara ba. Ya riƙe tsintsiyar a karkace, yana tara ɓawon a hankali wuri ɗaya, yana kare shi da ƙafa don kada iska ta ɗauka.